Kakar Ƙwallo a Shekarar Fari

Azumin bana ya same mu cikin sanyi a Riyadh. Tun da na zo ƙasar nan aiki ban ga mai sauƙinsa ba. A asibitin da nake, sashen gashin ƙashi, an rage mana duwam, wato lokacin aiki, kafin la'asar na koma gida unguwar Suwaidi na miƙe ƙafa. Da magariba masallacin layinmu yakan shimfiɗa leda tun daga ƙofa har bakin titi, dabino da kindirmon da suke kira laban da sambusa, duk wanda ya gifta a ce masa tafaddal, wato bismilla. Mai ɗakina Hadiza kuwa ba ta yarda a sha ruwa babu kunun gyaɗa da ƙosai, ko da sai ta je kasuwar Batha neman wake.

A makon farko aka turo mini wani mutumin Gumel, Malam Bala, lebura a wajen gini. Zamowa ya yi daga kan tsani gwiwarsa ta murɗe. Ƙato ne, da ƙyar gadon ya ɗauke shi. Ina durƙushe ina lanƙwasa ƙafar a hankali, ya dube ni da busassun leɓɓa ya ce, "Likita, don Allah gaya mini gaskiya. Za ta koma daidai? Kafil ɗina, mai gidan da ya kawo ni aiki, ya ce in ba zan iya hawa sama ba, sai dai Najeriya."

Na gaya masa abin da na gani, za ta koma amma sai ya yi haƙuri, na kuma nemi kamfaninsu su ba shi aikin ƙasa kafin nan. Sun yarda, yana zuwa yana samun sauƙi. Sai dai tun ranar wata gwiwar daban ta dawo mini a rai, wadda na riƙe shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ni ma a lokacin da azumi a bakina.

Ina ɗalibi ne a wata ƙaramar kwaleji a tsakiyar Amurka, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, gonakin masara da alkama iya ganinka. Garin bai kai Kazaure girma ba. A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibin sashenmu ya yi aikin koyo a wani wuri, ni aka tura ni ƙungiyar ƙwallon makaranta. Har na yi murna, na zaci ƙwallon da na sani ne. Ashe nasu ne na can, wanda ƙwallon kamar gwanda yake, a rungume shi a hannu a ruga, wasu ƙarti su bi ka su kayar. Kowa da hular kwano da kariya a kafaɗa. In aka busa usur layi biyu su haɗu da ƙarfi kamar raguna. Ranar farko na tsaya ina jiran a kira 'yan sanda.

Shugabata wata dattijuwa ce siririya, Madam Rut, wadda ta yi shekaru tana ɗaure ƙafafun 'yan wasa har yatsunta sun karkace. Ba ta da yawan magana. Ta dube ni ta tambayi sunana, na ce Hamisu. Kafin yamma yaran sun gutsure shi sun mai da shi Ham, suna kira suna dariya. Ban gane ba sai da Madam Rut ta ja ni gefe ta ce mini wannan a turancinsu naman alade ne. Washegari ta tsaya a ƙofar ɗakin canja kaya ta ce duk wanda ya ƙara kirana haka shi zai ɗaure ƙafarsa da kansa. Daga nan na koma Misu, kuma Misu na zauna har na bar ƙasar.

Mun fara a watan Agusta, shekarar kuwa ta fari ce. Tun bazara ruwa bai sauka ba. Masara ta tsaya iya gwiwa ta yi fari fat, in iska ta kaɗa sai ka ji ganyenta na ƙara kamar takarda. Zafin Riyadh ya fi nasu, wannan ba musu, amma a nan daga sanyin mota kake shiga sanyin ofis. Can kuwa a tsakiyar fili muke yini, ba ko bishiya. Hukumar garin ta hana ba ciyawa ruwa, don rijiyoyi sun ja baya. Filin wasa ya mutu. Ciyawar ta koma kamar tsohuwar tabarma, ƙasa ta tsattsage, ƙusoshin takalman 'yan wasa ba sa shiga, sai dai ka ji ƙwas ƙwas kamar ana tafiya a kan siminti.

Aikina kullum iri ɗaya ne. Bayan asuba in cika manyan jarkoki da ruwa da ƙanƙara in tura su a baro zuwa fili. In dawo in zauna a kan benci, su yi layi, ina naɗa musu filasta a idon sawu ɗaya bayan ɗaya. Su fita atisayen safe, in bi su da gorunan ruwa ina tsiyaya musu ta ramin hular kwano. Da rana in wanke tawul. Da yamma a sake. Warin ɗakin canja kayan nan, gumi da roba da man zafi, har yau in na buɗe sabon filasta sai ya taso mini. Kowace rana sai wani ya yanke jiki ya faɗi, mu ja shi inuwar bango mu jiƙa shi. Gwiwoyi da gwiwar hannu duk sun saluɓe, don faɗuwa a filin nan daidai take da faɗuwa a kan titi.

A cikinsu akwai Tom. Shi ne mafi girman jiki a layin gaba, waɗanda aikinsu kawai su tare mutane don wani ya wuce da ƙwallo. Shekara uku yana wasa, ya ce mini bai taɓa riƙe ƙwallon a gasa ba ko sau ɗaya, kuma bai damu ba. Ɗan manoma ne, gonarsu ba nisa da gari. Wasan nan shi ke riƙe da karatunsa, makaranta ta ɗauke masa nauyi saboda shi. Yana da sanyin hali, ga ci. Idan ina naɗa masa ƙafa yakan tambaye ni abin da muke nomawa a garinmu. Na ce gero da dawa da gyaɗa. Ya ce da wane inji? Na nuna masa hannuna. Ya daɗe yana kallon tafin hannun, ya ce babansa zai so ya gan ni.

Aka shiga gasa a Satumba, duk Asabar wasa ɗaya, wata a gida wata mu shiga doguwar mota mu yi tafiyar rabin yini. Aka ci mu na farko, aka ci mu na biyu. Ba wai yaran ba su iya ba ne. Rabinsu da ciwo suke shiga, wasu kuma hankalinsu na gida, don kusan duk 'ya'yan manoma ne. A hanya motar takan yi tsit in muka wuce tireloli cike da shanu ana kai su kasuwa, don babu abin ba su. Kowa ya san ba lokacin sayar da saniya ba ne. Abin da ya ba ni mamaki, ranar wasan gida benci cika yake yi. Manoman ba su da abin girbi, sai su zo da matansu su zauna da huluna masu faɗi, ba ihu sosai, suna kallon 'ya'yansu ana kayar da su a busasshiyar ƙasa. In an tashi su tafa, su shiga motocinsu.

A wasa na huɗu ne Tom ya ji ciwo. Ina bakin layi da goruna a hannu. Wani ya faɗo masa ta gefe, ƙafarsa ta dama ta maƙale a wata tsaga ta ƙi juyawa, jikin ya juya ya bar ta. Daga inda nake na ji ƙarar. Muka ruga ni da Madam Rut. Bai yi ihu ba, ya dai cije robar bakinsa, idonsa na kallon sama. Mutum huɗu suka ɗauke shi da ƙyar.

Likita ya ce jijiya ce ta yage amma ba ta tsinke duka ba. In an yi sa'a, da gashi da motsa jiki, wataƙila ya dawo kafin kaka ta ƙare. Madam Rut ta ce, "Misu, naka ne. Kullum da safe kafin aji."

Haka muka yi. Ya zo da sanduna ya hau gado, in ɗora ƙanƙara, in cire, in lanƙwasa, in miƙe, in sa shi ya ɗaga ƙafar yana ƙirgawa. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, da zafi a hannu. Wata safiya ya ce, "Kana ganin zan buga na ƙarshe?"

Na ce, "Ban sani ba, Tom."

"Madam Rut ma haka ta ce. Ku duka ba ku iya ƙarya ba." Can ya ce, "In suka cire ni daga ƙungiya, gida zan koma. Babana kuma ya ce gonar ba za ta ƙara ɗaukar mutum biyu ba."

Oktoba ta zo da iskar arewa mai sanyi, busasshiya, tana tsaga leɓe. Sama shuɗiya tas kowace rana, har mutum ya ji haushin kyanta. Muka ci wasa ɗaya tak, da wata makaranta da ta fi mu rauni, yaran suka yi ta waƙa a mota kamar sun ɗauki kofi. Mako na gaba aka koma cin mu. A ƙarshen watan azumi ya kama.

Ni kaɗai ne Musulmi a makarantar a iya sanina. Babu kiran salla, babu wanda zai buga maka ƙofa. Wani ɗan Pakistan mai gidan mai a wani gari ne ya bugo mini waya ya ce an ga wata. Sahur ɗina burodi ne da tunkuzar gyaɗa ta kwalba da shayi da nake dafawa a ɗaki, wani lokaci kifin gwangwani. Dabino kuwa na zaga kantunan garin ban samu ba, sai busasshen inabi. Yanzu in na ga kwalayen dabino iri iri an jibge a baƙalar layinmu, wato kantin unguwa, har yara na zaɓe, nakan tuna ƙaramin kwalin inabin nan da nake ɓoyewa a aljihun jaket.

Yunwa ba ta dame ni sosai ba, ƙishirwa ce. Sanyi ne amma iskar tana zuƙe mutum. Ga shi aikina duk ruwa ne. In cika, in tura, in tsiyaya wa mutum a baki ina jin yana haɗiya, ragowar ta zubo mini a hannu. Atisayen yamma yakan wuce faɗuwar rana, kafin in gama yanke filasta in kwashe tawul an rufe ɗakin cin abinci. Na yi kwanaki ina buɗe baki da inabi da ruwan gora a bakin fili, in koma ɗaki in dafa shinkafa.

Koci ne ya fara lura. Mutum ne mai faɗa, muryarsa kullum a dushe. Ya ga na tsuguna bayan benci ina jefa inabi a baki, ya ce, "Me ke damunka? Kwana biyu kamar za ka faɗi."

Na yi masa bayani.

"Ko ruwa?"

"Ko ruwa."

"Wa ya sa ka?"

Na ce ba wanda ya sa ni a nan, addini ne. Ya sosa ƙeya ya tafi. Washegari rana na faɗuwa ya busa usur ya ce a huta kaɗan, abin da bai taɓa yi ba a wannan lokacin. Bai ce don ni ba ne, ni ma ban tambaya ba. Madam Rut kuma ta fara ajiye mini faranti a rufe a ofishinta, dankali da kifi ko ƙwai, ta ce matar kicin ƙawarta ce. Wasu yaran suka ce za su gwada azumin yini ɗaya. Zuwa azahar na tarar da biyu a bayan ɗakin wanki suna cin biskit.

Cikin azumin ne muka je gonar su Tom. Babansa ya yanke masarar da ta lalace ya ɗaure ta dami dami don ragowar shanunsa, ga damman zube a gona, Tom da ke kwashe su duk shekara kuma yana kan sanduna. Tom bai roƙi kowa ba. Koci ne ya ji, ya ce ranar Lahadi babu atisaye, wanda ke so ya zo, wanda ba ya so ya yi barcinsa. Fiye da rabin ƙungiya suka zo. Ni da na gani na ce ai wannan gayya ce, sai dai babu makaɗi.

Madam Rut ta ce in zauna tun da ba na shan ruwa. Na ƙi. Ina ɗan manomi in zauna ina kallo? Damin yana da nauyi, igiyar tana yankar hannu, ƙaiƙayi ya shiga wuya ya shiga hanci. Mu ɗora a tirela, a kai rumbu, mu sauke mu jera har sama. Yaran nan da ake kayarwa duk Asabar, a nan sun san abin da suke yi. Suna cilla dami kamar matashin kai. Tom na tsaye a ƙofar rumbu yana nuna inda za a sa, fuskarsa a murtuke, don bai ji daɗin a yi masa aikinsa yana kallo ba.

Da rana mamarsa ta fito da abinci a manyan tukwane. Na zame na koma bayan rumbu na jingina da bango, harshena kamar soso. Ba a daɗe ba sai ga baban Tom, Mista Walta, dogon tsoho mai jan wuya. Ya zauna kusa da ni ba faranti a hannunsa. Na ce ya je ya ci abinci. Ya ce ba ya jin yunwa. Can ya ce, "Zo ka ga wani abu."

Ya kai ni wata gona a bayan gida, an yi mata huɗa sumul, ba ko tsiro ɗaya. Ya tsuguna ya tona da yatsa ya ciro ƙwayar alkama, a bushe, lafiyarta lau kamar yau aka sa ta.

"Tun watan jiya na shuka," in ji shi. "Maƙwabtana sun ce na haukace. In ruwa ya zo kafin ƙasa ta daskare, za ta fito. In bai zo ba, na ciyar da tsuntsaye."

Na ce masa mu ma muna yi, bizne muke ce masa. Na ba shi labarin Baba, yadda yakan bizne gero in damina ta yi jinkiri, kullum da safe ya je ya tona rami ɗaya ya duba ya mayar ya rufe, Inna tana ce masa tonon nan ba shi zai kawo ruwa ba. Mista Walta ya yi dariya har da tari. Ya ce matarsa ma haka take ce masa. Ya sa na maimaita kalmar, ya gwada faɗa, ta ƙi fita daidai. Ya mai da ƙwayar ramin ya rufe ta da tafin hannu.

Da yamma aka gama, yaran suka fara shiga motoci. Maman Tom ta hana ni tafiya. Tun da rana ta tambayi ɗanta abin da nake ci da wanda ba na ci. Ta tsaya a ƙofar kicin da kofin madara a hannu tana kallon yamma, tana tambayata, "Ta faɗi, ko da saura?" Na ce da saura kaɗan. Muka tsaya mu huɗu muna kallon rana tana nutsewa a ƙarshen gonar, ja wur saboda ƙura. Da na ce ta faɗi, ta miƙo mini kofin da hannu biyu. Ƙwai ta soya mini da dankali, ga burodin da ta gasa da zuma. Ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta a falo na yi salla, suka rage murya har na idar.

Saura kwana biyu wasan ƙarshe Madam Rut ta gwada Tom. Kumburin ya saɓe, yana tafiya ba sanda, har yana ɗan gudu a miƙe. Ni kaina na fara sa rai. Ta ce ya ruga ya juya hagu da sauri. Ya ruga, ya juya, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ya zauna daɓas. Ya cire hular kwanon ya ajiye a gefe a hankali. Na je zan kama shi ya ce, "Bar ni tukuna, Misu." Na tsuguna kusa da shi. Ya daɗe yana tsinkar matacciyar ciyawa yana zubarwa. Koci ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Ba inda za ka. Na yi magana da hukumar makaranta. Za ka taya ni da yaran layin gaba har ka gama karatu." Tom ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Ya koma kan sanduna, aka sa ranar yi masa aiki.

Ranar Asabar muka tashi da hadari. An sha yin haka ya watse, don haka ba wanda ya ce komai, kowa dai na satar kallon sama. Abokan karawarmu makarantar da ke maƙwabtaka da mu ce, tsofaffin abokan hamayya, su ma 'ya'yan manoma. Benci ya cika har ana tsayuwa. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da mu kaɗan. Ina cika goruna sai iska ta juya, na ji ƙamshin nan. Duk wanda ya tashi a karkara ya san shi. Na ɗaga kai na ga Tom ma ya buɗe hanci.

An dawo ba da daɗewa ba ya fara sauka. Da farko ɗigo ne manya jefi jefi, kowanne ya faɗi ya ta da 'yar ƙura. Sai ya tsuge. Masu busa da ganguna na makaranta suka ruga da kayansu. Manoman kuwa ba wanda ya motsa. Na ga tsofaffi suna cire huluna suna barin ruwan ya dake su a ka. Wata mata ta rufe fuska da hannu biyu kafaɗunta na rawa. Can sama na hango Mista Walta a tsaye, hannuwansa a aljihu, ko filin ba ya kallo.

Ƙasar da ta yi wata da watanni kamar dutse ta ƙi shan ruwan da farko, ya kwanta a kai, daga baya ta saki ta zama taɓo. Ƙwallo ya koma kamar sabulu. A kayar da mutum ya yi ta sulɓewa, ya tashi ba a gane lambar rigarsa, yana dariya, wanda ya kayar da shi ma yana dariya. Koci yana ta ihu ba mai jin sa. Sanyi ya shiga ƙashina, haƙorana na haɗuwa, filastan da na naɗa da safe duk ya saki. Na riƙa rufe baki gam don kada ruwan ya shiga, rana ba ta faɗi ba. A ƙarshe muka matso dab da layinsu, saura taku kaɗan, ƙwallo ya kuɓuce daga hannun yaronmu, usur ya tashi. An ci mu. Wasa ɗaya muka ci a kakar gaba ɗaya. Jama'a suka sauko fili, nasu da namu, ana rungumar yara da taɓonsu. Ruwan bai ɗauke ba sai washegari da hantsi.

Salla ta zo bayan kwana goma ko kusa da haka. Masallaci mafi kusa yana wani babban gari mai nisa, ni kuma ba mota. Tom ya ce zai kai ni, ƙafar hagu ta ishe shi tuƙi. Muka fita da sassafe a tsohuwar a-kori-kurarsa, ina sanye da shadda ɗaya da na zo da ita daga gida, jaket a kai. Hanyar ta bi ta gonarsu. Daga nesa muka hango babansa a tsugune a tsakiyar gonar bayan gida. Tom ya rage gudu ya dube ni.

Na ce, "Tsaya mana."

"Za ka makara."

"Tsaya."

Na tattare shadda muka shiga, shi yana dogara sanduna suna nutsewa. Sai ka sunkuya kake gani. Siraran tsirrai kore kamar allura, layi layi, wani wuri sun yi kauri, wani wuri ba komai sai ƙasa.

Tom ya ce, "Ta fito, Baba?"

"Wani wajen ta fito. Can gangare tsuntsaye sun riga mu." Ya shafa kan tsirran da bayan yatsa. "Rabi dai. Rabi zai kai mu baɗi."

Ya miƙe da ƙyar ya dubi shaddata da taɓon da ya ɓata bakin wandon, ya tambayi ina za mu haka. Tom ya gaya masa yau azumina ya ƙare. Tsohon ya ce, "To me kuke yi a nan? Kai shi."

Mun isa liman na cikin huɗuba, an riga an idar. Wani ɗakin taro ne aka haya, 'yan Pakistan da Sudan da Larabawa kaɗan. Na tsaya a ƙofa ban san abin yi ba. Wani dattijo ɗan Sudan ya dubi ƙafafuna ya ce, "Daga gona?" Na ce daga gona. Ya matsa mini wuri ya ce in an gama in yi raka'a biyu ni kaɗai, Allah ya ga hanya. Da aka fito da shinkafa shi ne ya je har mota ya ƙwanƙwasa gilas ya taho da Tom. Aka kawo masa kujera saboda ƙafar, aka ɗora masa faranti a cinya. Ya duba bai ga cokali ba, ya dubi yadda nake yi, ya naɗe hannun riga.